Likitan da Ya Hango Sarki Ya Juya da Gudu: Tarihin Allurar Chaina

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda datarsu ba ta isa sauraro ba, da kuma masu son karatu a nutse. Na ɗan gyara wasu wurare, amma yawanci yadda na faɗa haka na rubuta.

Yau tarihi za mu shiga, kuma tafiyar da nisa, sai mun dangana da ƙasar Sin, wato Chaina. Sai dai bari in fara daga gida, don abin da ya zaunar da ni na yi wannan karatun a cikin danginmu ya faru.

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa da shadda. Shekararsa 54 a lokacin. Bara waccan ya fara kukan ciwon ƙeya da ciwon kai, wani sa'in in ya miƙe sai jiri ya ɗebe shi. Ya kira wanzami aka yi masa ƙaho, ya ji dama-dama, bayan sati biyu abu ya dawo. A daidai lokacin wani bidiyo yana yawo a WhatsApp, an nuna mutum kwance an jera masa siraran allurai a wuya da gadon baya, mai magana yana cewa wai wannan hikimar 'yan Chaina ce ta shekara 5,000, tana kama ciwo tun yana alama kafin ya zama cuta. Wallahi ni na tura wa Kawu bidiyon nan da hannuna. Ku riƙe labarinsa, zan dawo kansa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wannan jinyar ita ake kira akufanca. Allurar ba irin ta asibiti ba ce, ba ta da rami, babu ruwan magani a cikinta. Siririya ce, ta ɗan fi gashin kai kauri, ana tsira ta a wasu keɓaɓɓun wurare na jiki, a bar ta kamar minti 20 ko 30 a zare. 'Yan Chaina suna ce mata janjiyu, kalma biyu ce aka haɗa: allura, da kuma ƙona wani busasshen ganye kusa da fata don ɗumama wurin. Ganyen nan ɗan uwan tazargade ne da muka sani.

To, shin da gaske allurar nan tana tare ciwo tun yana alama? Mu bi tarihinta mu gani.

Akwai wani labari da ake koya wa yara a makarantun Chaina har yau. Wani likita ne mai suna Bian Que, wanda aka ce ya rayu ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Labaransa sun cakuɗe da almara, kamar dai yadda na Bayajida suke a wurinmu. Wannan labarin yana cikin littafin wani masanin mulki mai suna Han Fei, wanda ya mutu a shekara ta 233 kafin Miladiyya.

Wata rana Bian Que ya shiga fadar Sarki Huan na ƙasar Cai. Ya tsaya ya dubi sarki na ɗan lokaci, sai ya shaida masa cewa akwai ciwo a saman fatarsa, in ba a magance ba zai shige ciki. Sarki ya ce shi lafiyarsa lau. Da likita ya fita, sarki ya dubi fadawa ya ce haka likitoci suke, sun fi son su yi wa mai lafiya magani don a ce sun iya. Bayan kwana goma Bian Que ya dawo, ya ce ciwon ya shiga tsoka. Sarki ya ɓata rai, ko amsa bai ba shi ba. Bayan wani kwana goman ya ce ciwon ya kai ciki da hanji. Sarki ya sake ɗaure fuska. A zuwa na huɗu, da ya hango sarki daga nesa, sai ya juya ya ranta a na kare.

Sarki ya aika a tambaye shi dalili. Bayanin da ya yi wa ɗan aike shi ne, in ciwo yana fata, gashi da ruwan zafi ya isa. In ya shiga tsoka, allura da tsinin dutse za su cim masa. In ya kai hanji, sai dafaffen magani. Amma in ya shiga ɓargo, ya fi ƙarfin likita, kuma na sarki ya riga ya kai can. Bayan kwana biyar jikin sarki ya ɗauki ciwo, aka bazama neman Bian Que, ashe ya tsallake zuwa ƙasar Qin. Sarki ya mutu.

Ku lura da matsayin allura a labarin nan. Mataki na biyu ce cikin huɗu, kuma likitan da kansa ya san inda ƙarfinta ya tsaya. Abin da ya sa ake tuna Bian Que idonsa ne, wato iya gane ciwo da wuri. Abin da ya kashe sarki kuwa zargin da ya yi cewa likita neman suna yake.

Yanzu maganar shekara 5,000 ɗin nan. Abin da masu tonon tarihi suka samu a ƙasa bai kai haka ba. A 1973 an tono wani kabari a Mawangdui, a birnin Changsha, wanda aka rufe shi a shekara ta 168 kafin Miladiyya. A ciki an samu rubuce-rubucen likitanci a kan siliki. Sun yi bayanin hanyoyi 11 da suka ratsa jiki, sun yi maganar ƙona ganye a kansu, amma ba su ambaci tsira allura ba. A 1968 kuma, a kabarin wani yarima mai suna Liu Sheng da ya mutu a 113 kafin Miladiyya, an samu allurai huɗu na zinariya da biyar na azurfa, waɗanda masana da dama ke ganin na jinya ne, wasu kuma suna da ja. Ka ga ke nan abin da za a iya dafawa shi ne shekara 2,000 da 'yan kai. Wannan ma ba ƙaramin tarihi ba ne, ba ya buƙatar a ƙara masa gishiri.

A tsakanin waɗannan ƙarnuka ne aka harhaɗa babban littafin likitancin Chaina, Huangdi Neijing, wanda aka tsara shi kamar hira tsakanin wani sarki na almara da likitansa Qibo. Tunanin da ke ciki ya yi kama da na manomin rani. Sun ɗauki jiki kamar lambu mai hanyoyin ban ruwa guda 12, daidai da manyan koguna 12 na ƙasarsu, kuma wani ƙarfin rai da suke kira chi yana gudana a ciki. In hanya ta toshe, ko ruwa ya yi yawa a nan ya yi kaɗan a can, sai ciwo. Aikin allura shi ne buɗe wurin da ya toshe. Sun ce wuraren tsira allura 365 ne, adadin kwanakin shekara. Allurar ma iri tara ce, wasu masu kaifi ne na fasa ƙurji da fitar da jini, kusan irin aikin da wanzamai ke yi da aska.

Littafin nan ne tushen maganar tare ciwo kafin ya zo. Ya kwatanta mai jira sai cuta ta kwantar da shi kafin ya nemi magani da mutumin da sai ƙishirwa ta kama shi zai fara haƙa rijiya. Mu ma muna da namu, ba a fafe gora ranar tafiya. Amma in ka duba me suke nufi da rigakafin, yawanci maganar abinci ce, da barci a kan lokaci, da rage giya, da kiyaye fushi, da bin yanayin sanyi da zafi. Har sun lura cewa yawan cin gishiri yana taɓa jijiyoyin jini. Kayan binciken likitan wancan zamani huɗu ne: ya dubi fuska da harshe, ya saurari murya da numfashi, ya yi tambayoyi, sannan ya ɗora yatsu a wuyan hannu ya ji bugun jijiya. Iyakar abin da suke da shi ke nan, kuma sun yi amfani da shi iya ƙarfinsu. Na'urar awon hawan jini da ake ɗaurawa a dantse sai a 1896 wani likitan Italiya, Riva-Rocci, ya ƙirƙiro ta.

Mu tsallako zuwa daular Song, shekara ta 1027. A lokacin littattafai sun yi yawa, kowa da inda yake cewa a soka, har abin ya zama haɗari. Sai Sarki Renzong ya sa wani likitan fada, Wang Weiyi, ya daidaita lamarin. Wang ya rubuta littafi a 1026, shekara ta gaba aka zuba mutum-mutumi biyu na tagulla masu girman mutum, da ƙananan huji a kowane wurin allura. Wani marubuci na ƙarni na 13 ya ruwaito yadda ake jarrabawa da irinsu: a shafe jikin da kakin zuma har hujin su ɓace, a cika cikin da ruwa, wasu sun ce zaiba, sannan a ce wa ɗalibi ya soki wuri kaza. In ya dace, ruwa ya biyo allura. In ya kuskure, allura ta tokari tagulla. Ni abin da ya burge ni a nan, shekara kusan 1,000 da suka wuce hukumar Chaina ta gane cewa ba kowa za a bari ya riƙa caka wa mutane ƙarfe ba sai an gwada shi. Ku auna wannan da wanda ya yi kwas na sati biyu a intanet ya buɗe shago.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, a Chainar kanta allurar nan ta sha faɗuwa. A zamanin daular Qing manyan likitoci sun fi karkata ga magungunan tsirrai, suna kallon allura a matsayin aikin 'yan tallan magani na kan titi. A 1822 Sarki Daoguang ya ba da umarni a cire ta daga makarantar likitocin fada, a kan cewa soka allura da ƙona fata ba su dace da jikin sarki ba. A farkon 1929 kuma, a wani taron kwamitin lafiya na gwamnati a Nanjing, wani likita da ya yi karatu a Japan, Yu Yunxiu, ya kawo ƙudurin a soke likitancin gargajiya gaba ɗaya, kuma aka amince. Masu maganin gargajiya suka yi gangami a Shanghai ranar 17 ga Maris na shekarar, suka tura wakilai wurin gwamnati, har aka jingine ƙudurin.

Wannan girgizar ta sa masu allura suka gyara sana'arsu. Wanda ya yi fice shi ne Cheng Dan'an. A shekarun 1930 ya buɗe makaranta, ya je Japan ya ga yadda suke yi, ya dawo ya sake zana wuraren allura bisa ilimin sassan jiki na zamani, yana kauce wa manyan jijiyoyin jini, ya kuma fifita sirarar allura a kan masu kaurin nan na dā. Wato siffar akufanca da kuke gani a bidiyo yau, yawancinta ba ta kai shekara 100 ba.

Sai siyasa ta shigo. Da 'yan gurguzu suka karɓi mulki a 1949, sun tarar da al'umma sama da miliyan 500, likitocin zamani kuwa sun yi ƙaranci ƙwarai, yawancinsu a birane. Mao Zedong ya ga ba yadda za a yi sai an haɗa da masu maganin gargajiya. Aka buɗe musu kwalejoji a shekarun 1950, a 1958 Mao ya bayyana likitancin gargajiya a matsayin babbar taska da ya kamata a tono. Likitansa Li Zhisui, a littafin da ya fitar a 1994, ya ce Mao ya gaya masa shi kansa ba ya shan irin wannan maganin. Ku dai ji.

Daga 1968 aka baza waɗanda ake kira likitoci marasa takalmi, sunan da ya samo asali daga manoman shinkafa na kudu masu aiki cikin ruwa ƙafa ba takalmi. Matasan ƙauye ne ake ba horo na 'yan watanni su dawo su yi wa mutanensu aiki, kuma yawansu ya haura miliyan ɗaya. A jakarsu akwai allurar akufanca saboda arha ce, ba ta ƙarewa. Amma babban aikinsu rigakafin yara ne, da tsaftar rijiya da masai, da karɓar haihuwa, da gane mai tsananin ciwo a tura shi asibiti da wuri. Tsakanin 1950 da 1980 tsawon rayuwar ɗan Chaina ya ƙaru da shekara 20 ko fiye, kuma masana sun fi danganta hakan da rigakafi, da tsafta, da ilimi, da raguwar mutuwar jarirai. Wannan tsarin na ma'aikacin lafiya a kowane ƙauye yana cikin abin da duniya ta duba a taron Alma-Ata na 1978, inda aka amince da kiwon lafiya a matakin farko. A wannan zamanin ne kuma Chaina ta fara turo ayarin likitoci Afirka, farawa da Aljeriya a 1963, daga baya har Sudan da Kamaru da Nijar da Chadi, kuma sau da yawa akwai mai allura a cikin ayarin.

Turai ta san labarin allurar tun da jimawa. Wani likita ɗan Holan, Willem ten Rhijne, da ya zauna a Nagasaki ta Japan, ya buga bayaninta a Landan a 1683, kuma daga kalmomin Latin na allura da huda aka samo sunan akufanca. Amma abin da ya watsa ta duniya wani ciwon ciki ne. A watan Yuli na 1971, lokacin da Amurka da Chaina ke shirin sasantawa, wani babban ɗan jaridar New York Times, James Reston, yana Beijing sai afendis ya kama shi. Aka yi masa tiyata da allurar kashe zafi irin ta asibiti. Bayan aikin cikinsa ya kumbura yana damunsa, sai wani likita ya tsira masa allurai uku a gwiwar hannu da ƙasan gwiwoyi, ya ɗumama masa ciki da ganyen nan. Reston ya ce ya ji sauƙi cikin kamar awa ɗaya, ya rubuta labarin, aka buga ranar 26 ga Yuli. Kafin ka ce kwabo labari ya juye, mutane suna cewa an farke cikin Ba'amurke ba tare da maganin kashe zafi ba, allura kawai. Ko yanzu za ka ji wasu suna ba da shi haka. Da Shugaba Nixon ya ziyarci Chaina a Fabrairun 1972, sha'awar abin ta ƙara bunƙasa. A 2010 UNESCO ta sa akufanca cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Ku sani fa, wannan shaidar al'ada ce, UNESCO ba ta gwada magani.

Yauwa, mu zo kan gwaji. Matsalar ita ce, in ka kwantar da mutum a ɗaki mai shiru, ka saurari kukansa, ka taɓa shi da kulawa na rabin awa, zai iya jin sauƙi ko da me ka yi masa. Ta yaya za a ware aikin allura daga aikin kulawa da sa rai? A 1998 wani likitan Jamus, Konrad Streitberger, ya fito da allurar bogi wadda in an danna sai ta koma cikin mariƙinta, mutum ya ji tsini amma ba ta shiga ba. Wasu masu binciken kuma sukan soka allurar gaske sama-sama a wuraren da ba na littafi ba.

Jamus ta yi babban gwaji a kan ciwon baya mai daɗewa, aka buga sakamakon a 2007. Mutum 1,162 aka raba gida uku. Bayan wata shida, cikin waɗanda aka yi wa allura bisa ƙa'idar Chaina, kashi 47.6 cikin 100 sun samu sauƙi. Waɗanda aka soka wa sama-sama a wuraren da ba daidai ba, kashi 44.2. Waɗanda aka bar su a kan magunguna da motsa jiki na yau da kullum, kashi 27.4. Kun gane? Allura ta taimaka, amma inda aka soka bai kawo wani bambanci mai yawa ba. Duk da haka inshorar lafiya ta Jamus ta karɓi biyan kuɗinta ga ciwon baya da na gwiwa masu daɗewa. A 2012 wani nazari da Andrew Vickers ya jagoranta ya tattara bayanan kusan mutum 18,000, ya samu cewa ga ciwon baya da wuya da gaɓoɓi da ciwon kai mai daɗewa, allurar gaske ta fi rashin yin komai sosai, ta kuma fi ta bogi da ɗan kaɗan. Don haka wanda ya ce muku ba ta yin komai, bai yi adalci ba. Ga rage zafi tana da gurbinta.

Amma hawan jini fa? A 2006 an buga wani gwaji da aka yi a Boston da mutum 192 masu hawan jini, ba a samu bambanci tsakanin allurar gaske da ta bogi ba. A 2018 ƙungiyar Cochrane, masu tace binciken likitanci, sun duba gwaje-gwajen da aka yi, suka ce babu hujjar cewa tana saukar da jini saukarwa mai ɗorewa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce manya sama da biliyan ɗaya ke da hawan jini, kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba, domin yawanci ba ya nuna alama sai ya yi ɓarna.

Yanzu mu koma kan Kawu. Ya samu wani wuri da ake yin allurar, ya je sau shida. Kuma gaskiya ciwon ƙeyar ya ragu, har ya kira ni yana sa mini albarka. A duk zuwan nan ba wanda ya ɗaura masa na'ura a dantse. Sau ɗaya na ce masa, Kawu, da ka daure ka biya asibiti an auna jininka. Ya yi dariya ya ce, kai ɗan boko, mutanen asibiti ai in ka je da ƙafarka sai sun nemo maka cutar da za su ci kuɗinka. A lokacin ban san labarin Sarki Huan ba. Da na karanta shi daga baya, sai da tsigar jikina ta tashi, don maganar kusan ɗaya ce. Ni kuma na yi shiru, saboda kunyar babba, kuma ga shi yana cewa ya ji sauƙi.

Wata asuba bayan ya dawo daga masallaci, hannunsa na dama ya mutu, harshensa ya yi nauyi. Bayan kamar minti goma abin ya sake shi. Ya ce sanyi ne ya shige shi, ya koma aka tsira masa allura a kafaɗa. Kwana tara bayan nan ya faɗi a shago. A asibiti aka auna, jininsa ya haura 200. Likitar da ta duba shi ta ce mana abin da ya faru da asubar nan ƙaramin shanyewar ɓarin jiki ne, gargaɗi ne, kuma da an kawo shi ranar da an ɗora shi a kan magani, da wataƙila ba a kai ga haka ba. Alhamdulillahi yana raye. Yana tafiya da sanda, hannun dama ba ya riƙe almakashi, maganarsa sai ka nutsu za ka gane. Babban ɗansa ya ajiye karatu a aji biyu na jami'a ya koma shago. Mun san komai da ƙaddara, amma an umarce mu da neman magani, kuma har yau in na tuna bidiyon nan da na tura sai in ji ba daɗi.

Ba allurar ce ta shanye masa jiki ba, hawan jini ne. Illar da aka yi ita ce an lallashi ciwon da zai kai shi asibiti, kuma ba wanda ya tambayi me ke ƙarƙashinsa. Mai bin koyarwar Bian Que da gaske, aikinsa na farko shi ne ya gane a wane mataki ciwo yake, ya kuma faɗi gaskiya in ya wuce ƙarfin allurarsa. A zamaninmu hakan yana nufin awon jini, da gwajin suga, da hoton ƙirji.

Don haka ga abin da nake roƙonmu. In baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta mutu, ko magana ta sarƙe, ko da na minti biyar ne ya wuce, asibiti a ranar, ba gobe ba. Ciwon ƙirji mai danne mutum da gumi ko sarƙewar numfashi, haka. Yawan ƙishirwa da yawan fitsari da rama ba dalili, ko miki da ya ƙi warkewa, a gwada suga. Tarin da ya wuce sati biyu, a gwada tibi, kuma a Najeriya gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware. Ƙullutu a mama, ko jini a bayan gida ko fitsari, likita ya gani tun yana ƙarami. Hawan jini kuwa kar a jira alama. Awon ba ya cin minti biyar, ana yi a ƙananan asibitocin unguwa da kyamis da yawa, in kuma ana ta samun 140 bisa 90 ko sama, a ga likita. Wanda aka ɗora a kan magani kar ya ajiye don wani ya ce allura ko jiƙo za su maye gurbinsa.

In an bincika an san abin da ke damunka, misali tsohon ciwon baya ko gwiwa, kana son ka gwada allurar a kan maganin da kake sha, ba laifi, ka gaya wa likitanka. Ka tabbata mai yin ya yi karatun abin, kuma sabuwar allura ya ɓare daga leda a gabanka ya jefar bayan an gama, domin allurar da aka maimaita tana ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau. Allurar da aka zurfafa a ƙirji ko saman baya tana iya huda huhu. Mai ciki da mai shan maganin tsinka jini su faɗa tun kafin a fara. In kuma mai allura ya ce maka ba ka buƙatar asibiti, ɗauki takalminka.

Mu matasa mu ne masu waya a gidajenmu, mu ke tura wa iyayenmu abin da suke kallo. Kafin ka danna turawa, ka tambayi kanka ko za ka iya tsayawa a kan abin. Aikin da na ba mu na wannan satin shi ne, kowa ya ɗauki babba ɗaya a gidansu, Baba ko Umma ko Kawu ko Gwaggo, ya raka shi a auna jininsa. In ya ce lafiyarsa lau, ka ba shi labarin Sarki Huan cikin ladabi, ka sake roƙo. Ni sau ɗaya na faɗa na yi shiru, Bian Que sau uku ya koma.

Ku sa Kawu a addu'a. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara mana kiyayewa. Wanda ya kai wani awo, ya zo ya ba mu labarin yadda aka yi. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.